Me Ya Sa Magani Ke Daina Aiki? Darasi Daga Zaɓen Iri

Manya daga cikinmu sun san maganin zazzabi da ake kira kulorokwin. A da, in zazzabin cizon sauro ya kayar da mutum, sai a ba shi ƙwayoyi kaɗan, ya miƙe. Daga baya sai aka ga ana sha, amma zazzabin na dawowa. A shekarar 2005 gwamnatin Nijeriya ta sauya shi da wani magani.

Mutane da yawa suna cewa, "Ai jiki ne ya saba da shi." To, ba jikin mutum ne ya canza ba. Ƙwayar cutar ce ta canza. Yaya aka yi haka? Bari mu bi abin daki-daki.

Mu fara daga gona

Kowane manomi ya san zaɓen iri. In an yi girbi, yakan ware zangarniyar da ta fi girma da cika. Ita zai ajiye a rumbu don shukar baɗi. Ba ya ajiye mai ƙaiƙayi ko wadda ƙwaro ya ci. Haka makiyayi ke barin bijimi mai kyau a garke, ya sayar da raunanan.

Abubuwa uku ne ke sa zaɓen iri ya yi amfani.

Na ɗaya, akwai bambanci. Ko a gona ɗaya, wani gero ya fi wani tsawo, wani ya fi saurin nuna.

Na biyu, akwai gado. Abin da aka shuka shi ke tsira. 'Ya'ya kan ɗauko kamannin iyaye.

Na uku, ba duka ake shukawa ba. Wanda aka zaɓa shi ne zai bar baya.

In aka yi ta wannan zaɓe shekara da shekaru, amfanin gona yakan sauya. Geron da muke ci a yau asalinsa ciyawar daji ce mai ƙananan ƙwayoyi. Manoman yankin Sahel ne suka yi ta zaɓensa, fiye da shekara 4,000 da suka wuce, har ya zama abinci.

Abin da Darwin ya gano

Akwai wani masani ɗan ƙasar Ingila mai suna Charles Darwin. An haife shi a 1809, ya rasu a 1882. Daga 1831 zuwa 1836 ya zagaya duniya a jirgin ruwa, yana duba tsirrai da dabbobi. Da ya koma gida, sai ya riƙa lura da aikin manoma da masu kiwon tattabaru. A 1859 ya fitar da littafi a kan abin da ya fahimta.

Ga bayaninsa a taƙaice. A daji babu manomin da ke zaɓen iri, amma duk da haka ana zaɓe. Fari yana zaɓe. Yunwa da cuta da sanyi suna zaɓe. Kowace halitta tana haifar 'ya'ya fiye da waɗanda za su rayu. Wanda halinsa ya dace da wurin, shi ya fi samun damar girma ya haihu. 'Ya'yansa su gaji wannan hali. A hankali irinsa ya yi yawa, sauran su ragu. Wannan shi ake kira zaɓin yanayi. Ya yi kama da sheƙe: iska ta kwashe ƙaiƙayi, tsaba ta zauna.

Tsuntsaye a shekarar fari

Masana sun ga wannan da idonsu. Akwai wasu tsibirai a cikin teku, yamma da ƙasar Ikwado ta Kudancin Amurka. Sunansu Galafagos. Darwin ya sauka a can a 1835. Shekaru da yawa bayansa, wasu masana biyu, Peter Grant da matarsa Rosemary, suka riƙa auna bakin ƙananan tsuntsayen wani tsibiri daga ciki.

A 1977 aka yi fari a tsibirin. Ƙananan ƙwayoyin ciyawa masu laushi suka ƙare. Sai manya masu tauri suka rage. Mafi yawan tsuntsayen suka mutu da yunwa. Waɗanda suka tsira, yawancinsu masu kaurin baki ne, domin su ke iya fasa ƙwaya mai tauri. Da suka yi ƙyanƙyasa, sai aka ga bakin 'ya'yan ya fi na tsuntsayen da kauri.

A lura da kyau: babu tsuntsun da ya ƙara wa kansa girman baki. Bambancin yana nan tun kafin fari. Fari ya tankaɗe su ne kawai. In irin wannan sauyi ya yi ta taruwa tsawon dubban shekaru, zuriya ɗaya takan rabu ta zama iri daban-daban. Tsuntsayen nan na Galafagos sun fi iri goma, kuma asalinsu ɗaya ne.

Geron Nijar

An ga irin haka a gonakin Jamhuriyar Nijar. Masana sun tattara irin gero daga ƙauyuka da dama a 1976. A 2003 suka koma waɗannan ƙauyuka suka sake tattarawa. A tsakanin nan an sha fari, musamman na 1984. Da suka shuka iri biyun gefe da gefe, sai suka ga geron 2003 ya fi saurin fitar da kai. Dalili kuwa, a shekarun da ruwa ya ɗauke da wuri, gero mai saurin nuna ne ya ba da tsaba. Shi manoma suka samu suka ajiye.

Yadda kulorokwin ya rasa ƙarfi

Yanzu mu koma kan zazzabi. In sauro ya ciji mutum, yakan zuba masa wata ƙwayar cuta da ido ba ya gani. Tana hayayyafa a cikin jini har ta kai miliyoyi. A cikin wannan yawa, lokaci-lokaci akan samu wadda ta fito da ɗan bambanci, ta fi sauran jure magani.

In majiyyaci ya sha rabin magani ya daina, ko ya sha na jabu mai ƙarancin ƙarfi, raunanan ƙwayoyin ne za su mutu. Masu juriya su rage, su hayayyafa. Sauro ya ɗauke su ya kai wa maƙwabci. Ka ga an yi zaɓen iri ke nan, amma irin cuta aka zaɓa.

An fara ganin zazzabin da ya gagari kulorokwin a ƙarshen shekarun 1950, a Kudancin Amurka da yankin Kambodiya. A 1978 aka gan shi a Gabashin Afirka. Daga nan ya bazu har ya iso Afirka ta Yamma. Yara da yawa sun rasa rayukansu a dalilin haka.

Maganin da asibitoci ke bayarwa yanzu shi ne ACT. Magani biyu ne aka haɗa a cikinsa, don ƙwayar da ta kuɓuce wa ɗaya, ɗayan ya kashe ta. Amma tun 2020 likitoci suka ba da labarin cewa a ƙasar Ruwanda an ga ƙwayoyin da suka fara jinkirin mutuwa da shi. Daga baya aka ga haka a Yuganda. Wannan gargaɗi ne a gare mu.

Haka abin yake ga sauro da maganin feshi, da ƙwarin wake da maganin gona, da kafso da ake sha barkatai.

Abin da za mu yi

1. In zazzabi ya zo, a je asibiti ko ɗakin shan magani a gwada jini. Ba kowane zazzabi ne na cizon sauro ba.

2. A shanye magani duka, yadda ma'aikacin lafiya ya ce. ACT na kwana uku ne. Ko an ji sauƙi a rana ta biyu, kada a daina.

3. Kada a raba maganin mutum ɗaya ga yara biyu, kuma kada a ajiye saura don wata rana.

4. A guji sayen ƙwayoyi tsinta-tsinta a hannun 'yan talla.

5. A kwana cikin gidan sauro, musamman yara da mata masu ciki.

6. A gona, a auna maganin ƙwari yadda malamin gona ya nuna. Kada a dogara ga iri ɗaya kowace shekara.

Ɗan'uwa, in ka karanta wannan, ka karanta wa iyalinka da abokan zamanka na ajin yaƙi da jahilci. Maganin da ke aiki a yau amana ce a hannunmu, kuma 'ya'yanmu za su buƙace shi gobe. Allah ya ba mu lafiya da damina mai albarka, amin.