Labarin Dodon Teku: Tsaba Da Tsakuwa

Jama'a, a ƙasar Amurka akwai wani irin ciniki wanda ya kamata malamai da fatake su ji labarinsa, watau cinikin tsoro. Mutum ya kan zauna ya ƙaga hikayar wani dodon teku mai kife jirage, mai haɗiye mutane, a buga ta littafi, jama'a su yi ta rububin saye don su karanta gabansu ya riƙa faɗuwa. Dodon da ya yi kasuwa ƙwarai a wannan ciniki shi ne wani ƙaton kifi da a ke kira megalodon, ma'anar sunan kuwa da harshen Yunanawa babban haƙori. Dangin kifin nan ne mai cizo wanda Turawa ke kira shak, Larabawa kuwa su ce ƙirshu. Abin da ya sa muka ɗauko zancen shi ne, wannan kifi ya taɓa zama a duniya da gaske, amma masu littattafai sun yi wa labarinsa algus, har ya zamana da wuya mai karatu ya rarrabe tsaba da tsakuwa.

Bari mu fara da tsabar. Tun zamanin dā mutanen tsibirin Malta da na Italiya su kan tsinci waɗansu duwatsu masu kusurwa uku, suna ce musu duwatsun harshe, don sun ɗauka harsunan macizai ne suka daskare. Har sarakunansu su kan rataya su, wai maganin guba ne. A shekarar 1666 masunta suka kama wani babban shak kusa da garin Liborno, aka kai kansa wurin wani masani mutumin Danmak mai suna Nicolas Steno. Da ya yanka ya duba, sai ya ga haƙoran kifin da duwatsun nan kamarsu ɗaya. A 1667 ya bayyana cewa duwatsun harshe haƙoran shak ne na dā waɗanda suka zama dutse. A ƙarni na 19 kuma wani masani mutumin Suwizalan, Louis Agassiz, ya raɗa wa mai manyan haƙoran suna megalodon.

Kada mai karatu ya yi mamakin samun haƙorin kifi a kan tudu. Ko a lardin Sakkwato an tono haƙoran waɗansu ƙananan shak waɗanda suka riga megalodon da nisa, domin teku ta taɓa rufe wannan ƙasa, kuma dutsen Kalambaina da a ke yin siminti da shi a ƙarƙashin ruwan nan ya taru.

Haƙorin megalodon ya kan kai inci 7, watau ya cika tafin hannun babban mutum. Jikin shak kuwa guringuntsi ne, ba ya daɗewa a ƙasa kamar ƙashi, saboda haka haƙora da 'yan gaɓoɓin baya su ne akasarin abin da ya rage. Da su masana ke ƙiyasin girmansa: waɗansu sun ce ƙafa 50 zuwa 65, wani lissafi na 2025 ya kai shi kusan ƙafa 80. Farin shak, wanda a ke tsoro a yau, da ƙyar ya ke wuce ƙafa 20. A bisa ƙiyasin masana duwatsu, megalodon ya ƙare shekara miliyan 3 da rabi da suka wuce, sa'ad da teku ta yi sanyi, abincinsa ya ragu, farin shak kuma ya shiga cin rabonsa.

To, ga inda tsakuwa ta shigo. A 1974 wani Ba'amurke, Peter Benchley, ya rubuta littafi mai suna Jaws, labarin farin shak mai cin masu wanka a bakin teku. A 1975 aka mai da shi sinima, ya jawo kuɗi irin waɗanda ba a saba gani ba. Da marubuta suka ga tsoro na da riba, sai suka nemi kifin da ya fi wannan. A 1997 Steve Alten ya fito da littafinsa Meg. A ciki ya ce wai megalodon bai ƙare ba, yana ɓoye a kwazazzabon Mariyana na Tekun Fasifik, inda ruwan zafi ke ɓuɓɓugowa daga ƙasa, ruwan sanyi kuma ya yi masa murfi daga sama. Wani gwanin nutso, Jonas Taylor, ya gan shi, aka ƙaryata shi. Daga baya wata macen kifin ta keto ruwan sanyin nan cikin ɗumin jinin mijinta, ta fito sarari ta yi ta ɓarna, har Jonas ya shiga cikinta da ɗan jirginsa ya yanke mata zuciya da wani tsohon haƙori. Littafin ya karɓu, mai shi ya yi ta ƙara masa 'yan'uwa, na biyu a 1999, na uku a 2004, na huɗu a 2009. A 2018 kamfanonin Amurka da na Sin suka haɗa jari suka yi sinimarsa, ta tara fiye da dala miliyan 500, aka sake yin wata a 2023.

Dabarar irin waɗannan marubuta ita ce ta mai algus: ya zuba mai kyau a bakin buhu. Kwazazzabon Mariyana gaskiya ne, zurfinsa ya kusa mil 7. Maɓuɓɓugan ruwan zafi a ƙarƙashin teku gaskiya ne, an gano su a 1977. Haka kuma a 1938 an kama wani kifi a gaɓar Afirka ta Kudu wanda masana suka ɗauka ya ƙare tun shekaru miliyoyi, a 1976 kuma aka ga wani shak mai faɗin baki kusa da Hawai wanda ba a taɓa saninsa ba. Idan mai karatu ya ji waɗannan, sai ya ce ashe megalodon ma yana iya ɓuya.

Amma a zazzage buhun a ga gindinsa. Shak ya kan zubar da haƙora dubbai a rayuwarsa, sabo na maye gurbin tsoho. Da megalodon na nan, da masu jan taru sun tsamo sabon haƙorinsa, ga shi kuwa duk wanda aka samu tsoho ne. Abincinsa manyan dabbobin teku ne masu shayarwa, waɗanda dole su taso su shaƙi iska, an kuma ga sawun haƙoransa a ƙasusuwansu; can ƙasan kwazazzabo kuwa babu abin da zai ƙosar da mai irin wannan ciki. Nauyin ruwa a wurin ya ninka na iskar da mu ke ciki fiye da sau 1,000, ba a kuma taɓa ganin shak a rabin wannan zurfi ba. Gani ya kori ji: Jacques Piccard da Don Walsh sun sauka can a 1960, James Cameron ya sauka a 2012, waɗansu suka bi bayansu, babu wanda ya gamu da dodo. Har ma a farkon littafin an sa megalodon ya cinye wani ƙaton dinaso, alhali kuwa tsakanin ƙarewar dinaso da bayyanar megalodon akwai fiye da shekara miliyan 40.

Mai tatsuniya dai ba a kiransa maƙaryaci, domin ya ce ga ta nan ga ta nanku, kowa ya san inda aka dosa. Alten ma ya rubuta a bangon littafinsa cewa ƙagaggen labari ne. Laifi ya auku a 2013, sa'ad da gidan talabijin na Discovery ya nuna wani shiri da sigar binciken ilmi, wai megalodon na raye, aka sa 'yan wasa suka fito a matsayin masana, aka haɗa hotunan ƙarya. Miliyoyin mutane suka kalla, da yawa suka gaskata, domin sanarwar da ta nuna ƙage ne an yi ta a taƙaice. Malamai sun san hukuncin labarin da mai ruwaitonsa ya ɓoye asalinsa, fatake kuma sun san sunan wanda ya sayar da tagulla da sunan zinariya.

Wanda ya biya kuɗin wannan tsoro kuwa shi ne kifin da ke raye. A yawancin shekaru mutanen da shak ke kashewa a duniya duka ba su kan wuce 10 ba. Mutane kuwa, bisa wani ƙiyasi na 2013, suna kashe shak wajen miliyan 100 a shekara, don namansa da kuma fikafikansa da a ke kai wa kasuwar Hongkong a yi miya. A 2021 masu lura da halittu suka ce fiye da sulusin jinsunan shak da danginsa na cikin haɗarin ƙarewa. Da wuya mutum ya ji tausayin abin da aka koya masa tsoronsa. Benchley da kansa ya gane haka, ya ba da ƙarshen rayuwarsa ga kare wannan kifi har ya rasu a 2006.

Saboda haka, jama'a, wanda ya sami irin littafin nan, ko 'ya'yansa suka kawo masa labarin sinimar, ya sha daɗin hikaya, ba laifi. Amma in an ce masa gaskiya ce, to, ya yi abin da ya saba yi a zaure da kasuwa: ya tambayi wanda ya gani da idonsa, ya kuma ce a kawo sabon haƙori a ɗora a ma'auni.