Damana Ta Yi Sallama: Aikin Da Ke Jiranmu Kafin Ɗari

Ƴan uwa manoma, maza da mata na Tanut, Belbeji, Gangara, Olelewa, Falanko da sauran garuruwan Damargu, Satumba ya yi nisa. Hadari ya fara ja da baya, zangarniya ta sunkuya, wake ya fara bushewa. Mun gode wa Allah da ya nuna mana wannan lokaci.

Amma kada mu ce aiki ya ƙare. Da yawa daga cikinmu suna jingine hauya ran da aka yanka hatsi, suna cewa sai baɗi. Wannan kuskure ne. A ƙasarmu ruwa ba ya daɗewa. Damana wata 2 ce zuwa 3, kuma sau da yawa abin da ke sauka a shekara bai wuce milimita 300 ba. Abin da muka samu cikin waɗannan makonni shi zai riƙe gida har wata kakar. Saboda haka aikin da muka yi daga ƙarshen Satumba zuwa Disamba shi ke nuna ko za mu ci tuwo a watan Yuli, ko kuwa za mu tafi neman anza a daji.

Dattawa sun gaya mana cewa Damargu rumbu ce tun da. Daga nan ayarin Abzinawa ke lodin hatsi zuwa Abzin da Bilma, su komo da gishiri da dabino. Mun kuma san farin 1973 da na 1984, da farar da ta sauka a 2004, da yunwar da ta biyo baya a 2005. Wanda ya ga waɗannan shekaru ba ya wasa da ƙwayar hatsi.

Iri tukuna

Aikin farko shi ne zaɓen iri. Ba a zaɓen iri a bakin rumbu ran da ruwan shuka ya sauka. Ana zaɓensa a gona, tun hatsi yana tsaye. Mu shiga tsakiyar gona, mu duba zangarniyar da ta riga sauran nuna, wadda ta cika da ƙwaya daga gindi har kai. Mu bar wadda tsutsa ta zaga, da wadda ta yi baƙin gari, da wadda ta fito kusa da ƙuduji. Mu yanke na iri daban, mu ɗaure daban, mu ajiye inda hannu ba ya kaiwa.

Irinmu na gargajiya, kamar ankutes, ya saba da ƙasarmu, kada mu yar da shi. Akwai kuma iri mai saurin nuna da cibiyar binciken noma ta ƙasa, wato INRAN, ta gyara, kamar HKP. A shekarar 2018 an fito da wani da ake kira Chakti, wanda ke nuna da wuri kuma ƙwayarsa ta fi yawan sinadarin ƙarfe mai gyara jini. Mai son gwadawa ya tambayi malamin gona tun yanzu. Ya gwada a gefe guda na gona kafin ya sake jiki da shi.

Girbi da ajiya

Hatsin da ya nuna kada a bar shi tsaye. Jan baki da ɓera da gara suna jira. Idan an yanka, a shanya shi bisa kara ko itace, kada ya taɓa ƙasa. A bar shi ya bushe sarai. Ga alama: ka ciji ƙwaya, in ta fashe da ƙara, ta bushe. In ta lanƙwashe a haƙori, da saura. Hatsi mai danshi yana yin fumfuna, kuma fumfuna cuta ce ga mutum da dabba.

Kafin a zuba sabo, a share rumbu. A fitar da tsohon hatsi da ɓuntu, a ƙone sharar nesa da gida. A liƙe tsaga, a gyara jinka, a duba duwatsun gindi. Kada a haɗa sabon hatsi da na bara, domin ƙwarin bara suna cikin na bara.

Wake ya fi hatsi wuyar ajiya. Ƙwaronsa yana yin ƙwai tun a gona. Mutum ya zuba wake mai kyau a buhu, bayan wata 2 ko 3 ya buɗe ya tarar da huji da gari. Maganin wannan shi ne a hana ƙwaro iska. Buhun PICS, wanda aka fara yaɗawa a Nijar daga shekarar 2007, riɓi 3 ne: leda 2 a ciki, buhun saƙa a waje. A zuba busasshen wake, a matse iska, a ɗaure kowane riɓi shi kaɗai. Ƙwaron zai mutu ba tare da an sa magani ba. A duba ledar kafin a zuba, in ta huje ba ta da amfani. Wanda bai samu buhun ba, ya cika jarka mai tsabta har baki, ya rufe gam. Iyayenmu kuma suna cuɗa waken iri da toka ko rairayi mai laushi, wannan ma yana aiki.

Muna jan kunne game da ƙwayar maganin ƙwari da ake sayarwa a kasuwa ana jefawa cikin buhu. Tana fitar da iska mai guba. Kada a ajiye irin wannan buhu a ɗakin da mutane ke kwana.

Mu yi lissafi kafin mu kai kasuwa

A nan ne karatunmu na yaƙi da jahilci zai yi mana rana. Mu ɗauki alli ko alƙalami. A ce gida yana cin tiya 2 a rana. A wata ɗaya tiya 60 ke nan. Daga Nuwamba zuwa ƙarshen Satumba wata 11 ne. Idan muka ninka 60 sau 11, za mu samu tiya 660. Babban buhu yana ɗaukar tiya 40. Ke nan wannan gida yana bukatar buhu 16 da rabi, ban da iri, ban da zakka, ban da baƙo.

Kowane mai gida ya yi nasa lissafi tare da uwar gida, domin ita ta san abin da ke shiga turmi. In abin da ke rumbu ya kai, alhamdu lillahi. In bai kai ba, gara a sani tun yanzu, a nemi dabara tun da sauran ƙarfi.

Mun san abin da ke faruwa kowace shekara. Da kaka hatsi yana araha, kowa yana kaiwa kasuwar Bakin Birji ko ta Tanut don biki, ko bashi, ko kuɗin mota. Da bazara kuma mu koma mu sayi hatsin nan da tsada. Wanda ya sayar da cimakar gidansa da kaka, bashi ya ɗauka bai sani ba. In dole ta kama, gara a sayar da akuya ko ɗan wake. Inda akwai bankin cimaka, mu biya abin da muka ranta don ya rayu. Inda ƙungiyar manoma ke yin warantaji, wato a jingine buhu a sito a karɓi rance, a fanshe shi bayan farashi ya tashi, mu je mu ji sharuɗɗa. Mu karanta takarda da kanmu kafin mu sa hannu.

Kada mu bar gona tsirara

Bayan girbi wasu suna kwashe kara duka, wasu suna ƙonewa. Sai iskar hunturu ta zo ta tarar da ƙasa ba sutura, ta ɗebe ta sama mai albarka, ta bar mana fako. Mu ɗebi abin da dabbobi da darni ke bukata, sauran mu sare mu kwantar a gona. Karan da ke kwance yana tare rairayi, yana ruɓewa ya zama taki. Akwai wani amfani kuma. Tsutsar da ke huda kara tana kwana cikinsa duk rani. Idan kara yana kwance bisa ƙasa, zafin rana yana kashe da yawa daga cikinta.

Ƙananan itatuwan da suka tsiro da kansu, kamar aduwa, magarya da kandili, kada mu tumɓuke. Mu zaɓi reshe 2 ko 3 masu ƙarfi, mu sassabe sauran. Wannan shi ne sassaben zamani, wanda ya mayar da itatuwa gonakin Maraɗi da kudancin Damagaram.

Harawa kuwa a ɗebe ta tun ganye bai zube ba. A ɗaure, a ɗora bisa rumfa, a kare ta daga rana. Harawar da aka adana yanzu ita ce nonon yara a watan Mayu.

Mu da makiyaya

Idan ruwan arewa ya fara ƙafewa, Fulani da Abzinawa suna gangarowa kudu da dabbobinsu, kuma Damargu tana bisa hanyarsu. Wannan lokaci ne na haɗari. Mu tuna abin da ya faru a Toda, cikin jihar Maraɗi, a watan Oktoba na 1991, inda rigimar gona ta ci rayuka fiye da 100. Allah ya kiyaye mu da ganin irinsa.

Manomi ya gaggauta kwashe amfaninsa, kuma kada ya toshe burtali ko hanyar rijiya. Makiyayi ya jira ranar sakin gonaki da hukuma ke sanarwa. In an yi ɓarna, a kai magana wurin mai gari ko hukumar kula da filaye. Kada kowa ya ɗauki sanda. Garken da ya kwana a gonarka bayan girbi taki ya bar maka.

Ciyawa kuma ta fara bushewa. Guntun taba ko garwashin shayi ya isa ya cinye makiyayar gari guda. Mu fita aikin gayya, mu share hanyoyin tare wuta, mu kashe kowace wuta kafin mu tashi.

Garka ba ta jira

Ba kowane gari ke da ruwan garka ba, rijiyoyinmu suna da zurfi. Amma inda akwai tabki, ko fadama kamar ta Tarka, ko famfo mai yalwa, yanzu ne lokacin shiri. Tun bayan farin 1984 aka ƙarfafa noman rani a Nijar, kuma ya ceci gidaje da yawa.

A fara da shinge, domin akuya ba ta san wahalar kowa ba. A tara taki wanda ya ruɓe, ɗanyen taki yana ƙone saiwa. A watan Oktoba a yi fangalin reno: ƙasa mai laushi, a yafa iri a jere, a rufe da ciyawa har ya tsiro, a ba da ruwa safe da yamma. Tumatir da kabeji ana dasa su bayan mako 3 zuwa 4. Albasa tana kai kwana 40 zuwa 45. Karas ba a dasa shi, a wurinsa ake shukawa. A yi dashe da yamma, rana ta yi sanyi. Wanda ya makara har Janairu, zafin Maris zai riski shukarsa, ruwa kuma ya ƙafe.

A bakin tabki, yayin da ruwa ke ja, ana iya bin laima a shuka wake, kabewa ko kankana. Mu auna garka daidai ruwanmu. Fangali 5 da suka ƙoshi sun fi 20 masu ƙishi. A cikin gida kuma, itacen zogala 2 ko 3 kusa da wurin alwala sun isa miya.

Iyaye mata, yanzu ne lokacin shanya kuɓewa, yakuwa, tafasa da ganyen wake. Ganye a shanya shi a inuwa, bisa tabarma mai tsabta, nesa da ƙura. Rana tana cinye sinadarin da ke kare yara daga dundumi.

Lafiyar iyali

Ƙarshen damana shi ne ganiyar zazzaɓin sauro. Kada a naɗe gidan sauro don ruwa ya ɗauke. Maganin rigakafin da ake raba wa yara ƴan wata 3 zuwa shekara 5 da damana, a ba su har zagaye na ƙarshe, kuma a cika kwana 3 na kowane zagaye. Yaron da jikinsa ya yi zafi a kai shi likita a ranar, kada a jira a gama girbi.

Wajen ɗaukar dami a duba ƙarƙashi da sanda, saboda maciji da kunama. In maciji ya sari mutum, kada a tsaga wurin, kada a tsotsa. A kwantar da shi, a hanzarta zuwa likita.

Sai shirin ɗari. A gyara darni, a toshe kafar iska, a tanadi bargo da rigar sanyi ta yara tun da ɗan kuɗin kaka a hannu. Yaro mai tari da numfashi sama-sama, ko wanda haƙarƙarinsa ke shiga ciki in yana numfashi, ba mura ce kawai ba, a kai shi likita nan take. Kada a kwana da garwashi a rufaffen ɗaki, hayaƙinsa yana kisa, kuma gobara tana farawa daga nan. Rani lokacin sanƙarau ne da ƙyanda. Mu ɗauko katin rigakafin yara, mu karanta, mu cika allurar da ta rage. Rigakafi ya fi magani.

Ƴan uwa, nan gaba kaɗan azuzuwan yaƙi da jahilci za su buɗe. Muna roƙon kowane ɗalibi ya zo da lissafin gidansa a rubuce: dami nawa ya samu, tiya nawa gidansa ke ci, wata nawa zai kai. Wanda ya karanta wannan shafi ya karanta wa maƙwabcinsa. Allah ya sa albarka a rumbunanmu, ya kai mu baɗi lafiya. Amin.