Tsofaffin ƴan majalisa a kwamitin shawara na ƙungiyoyi: me suke kawowa, ina iyakarsu?

Tun bayan juyin mulkin 26 ga watan Yulin 2023, ƴan siyasa da yawa a Nijar suka wayi gari ba su da kujera. Majalisar dokoki mai kujeru 171 ta tafi tare da tsarin mulkin jamhuriya ta bakwai. A watan Afrilun 2024 aka rusa majalisun ƙananan hukumomi da na jihohi, aka naɗa kantomomi a gurbin magadan gari. A watan Maris na 2025 kuma aka rusa jam'iyyun siyasa baki ɗaya.

Akasarin waɗannan mutane suna nan cikinmu. Ana gamuwa da su wurin ɗaurin aure da gaisuwar mutuwa, a Yamai ko a Filinge, har gobe kuma ana kiran wasunsu "onorabul". Suna da sani, suna da mutane, yanzu kuma suna da lokaci. Shi ya sa idan ƙungiyar manoma ko ta mata ko ta matasa a Damana, Bonkuku ko Shikal ta zauna tana neman wanda zai tsaya mata, sunan ɗayansu ne ke fara zuwa baki. Sai a ce a saka shi cikin kwamitin ba da shawara, ko a ba shi shugabancin girmamawa. Kafin a aika masa goron gayyata, ya kamata mambobi su san mene ne wannan kwamiti, me doka ta ce a kansa, da abin da zai iya jawo musu na alheri ko akasinsa.

Hawa uku na ƙungiya

Ƙungiya mai zaman kanta wadda ba riba take nema ba, yawanci hawa biyu gare ta. Na farko shi ne babban taron mambobi. Shi ke da ƙungiyar: shi ke amincewa da dokokinta, shi ke zaɓen shugabanni, shi ke sauraron lissafin kuɗin shekara ya karɓa ko ya ƙi. Na biyu shi ne kwamitin gudanarwa, wanda mutane suka fi sani da biro: shugaba, magatakarda, ma'aji da mataimakansu. Su ke sa hannu a takardu, su ke taɓa asusun banki, su ne kuma hukuma za ta kira idan aka samu matsala.

Kwamitin ba da shawara, wanda ake kira *conseil consultatif* ko *comité des sages* da Faransanci, hawa ne na uku da ƙungiya ke ƙara wa kanta idan ta ga dama. Ba ya yanke hukunci, ba ya riƙe kuɗi, ba ya ɗaukar ma'aikaci ko korar shi. Ana kawo masa magana ya duba, ya faɗi ra'ayinsa, biro ya ɗauka ko ya bari. Duk ƙarfinsa yana cikin girman mutanen da ke zaune a ciki. Nan ne amfaninsa yake, nan ne kuma haɗarinsa, domin a ƙasarmu shawarar babba kan zama umarni ko da takarda ba ta ce haka ba.

Abin da doka ta tanada

Dokar da ke tafiyar da ƙungiyoyi a Nijar ita ce mai lamba 84-06 ta 1 ga watan Maris na 1984, wadda aka kafa zamanin Janar Seyni Kountché, ɗan Fandu da ke nan ƙasar Tondikandiya, kusa da Damana. An yi mata gyara a 1991, a 2022 kuma gwamnati ta fito da sabon ƙuduri kan yadda za a yi aiki da ita game da ƙungiyoyin raya ƙasa. Dokar ta ce sai ƙungiya ta bayyana kanta ga hukuma, ta ba da sunayen masu tafiyar da ita, ta kuma samu izini daga ma'aikatar cikin gida kafin ta soma aiki. Idan shugabanni suka sauya, wajibi ne a sanar. Ba ta tilasta wa kowa kafa kwamitin shawara ba. Saboda haka duk ikon da wannan kwamiti zai samu, daga dokokin ƙungiyar kanta zai fito. Idan ba a rubuta komai ba, to wanda ya fi baki shi zai shata wa kansa iyaka.

Akwai wani sashe na dokar 1984 da mutane ke mantawa: ta hana kafa ƙungiya a kan ƙabila ko ɓangaranci. Wannan ya shafi yanki irin namu kai tsaye. A gundumar Filinge akwai Kurfayawa, da Zabarmawan Tondikandiya, da Buzayen Imanan, da Fulani makiyaya, duka suna shan ruwan Dallol Boso ɗaya. Kwamitin da aka cika da manyan gida ɗaya ko na tsohuwar jam'iyya ɗaya zai sa a yi wa ƙungiya kallon da ba ta nema ba, ko da aikinta gina rijiya ne kawai.

Ta fannin kuɗi ma abubuwa sun sauya. A ranar 22 ga watan Disamban 2022, a nan Yamai, ƙasashen OHADA suka amince da tsarin lissafi na musamman domin ƙungiyoyin da ba na neman riba ba, wanda ake kira SYCEBNL. Ya soma aiki ranar 1 ga watan Janairun 2024. Ma'anarsa ita ce littafin ma'aji na makaranta da ake rubuta shiga da fita da biro ja bai wadatar ba kuma. Sai an fitar da bayanin kuɗi na shekara bisa ƙa'ida.

Hukuma kuma ta nuna ba da wasa take ba. A watan Nuwamban 2024 ma'aikatar cikin gida ta janye izinin ƙungiyar ACTED ta Faransa da na APBE ta cikin gida. A watan Fabrairun 2025 aka umarci kwamitin ƙasa da ƙasa na Croix-Rouge ya rufe ofisoshinsa. A watan Nuwamban 2025 kuma aka dakatar da ƙungiyoyi masu ɗimbin yawa saboda ba su wallafa bayanin kuɗinsu na 2024 ba. Babu sunan babban mutum da ke maye gurbin waɗannan takardu.

Amfanin tsohuwar zuma

Hausawa sun ce da tsohuwar zuma ake magani, kuma akwai gaskiya a ciki. Wanda ya yi shekara biyar a majalisa ya san yadda ake karanta kasafin kuɗi. Tsohon magajin gari ya san tsarin raya ƙaramar hukuma, ya san wane aiki ne aka riga aka rubuta a ciki, wane ne kuma ba a rubuta ba. Tsohon prefe ya san ofishin da takarda ke kwana da wanda ke fitar da ita. Ƙungiyar da ke garin da ke da nisan tafiya daga Yamai, a yankin da rashin tsaro ya sa zirga-zirga ta yi wuya, tana buƙatar wanda zai bi mata takarda a babban birni ba tare da ma'aji ya ƙona kuɗin mota sau uku ba.

Akwai kuma sulhu. Idan rikici ya tashi tsakanin manoma da makiyaya kan burtali ko mashaya, ko tsakanin mambobi kan hatsin bankin cimaka da aka ba da bashi ba a maido ba, dattijon da ɓangarorin biyu ke jin kunyarsa yakan kashe wutar kafin ta kai gaban alƙali.

Ƙasar Kurfai tana da misali a gida. Ibrahim Assane Mayaki, ɗan gidan Mayaki na Filinge, ya riƙe muƙamin firaminista daga 1997 zuwa farkon 2000. Da ya sauka, sai ya koma fagen nazari da raya karkara. Ya jagoranci cibiyar Hub Rural a Dakar daga 2004 zuwa 2009, sannan hukumar NEPAD ta Tarayyar Afirka daga 2009 zuwa 2022. An kuma ba shi shugabancin girmamawa na Kulob ɗin Sahel da Afirka ta Yamma, dandalin da ke bin lamuran abinci a yankinmu. A irin wannan kujera ba shi ke riƙe asusu ba, ma'aikatan sakatariya ke aikin yau da kullum. Nasa shi ne jagorantar zama da kai magana inda ƙaramin ma'aikaci ba zai iya kai ta ba.

A duniya ma haka ake yi. A 2007 Nelson Mandela ya tara tsofaffin shugabanni irin su Kofi Annan, Jimmy Carter da Mary Robinson cikin ƙungiyar dattawa ta The Elders. Sharaɗinsu guda ya cancanci a kwaikwaya: mamba ba ya riƙe da muƙamin gwamnati a lokacin da yake cikinsu.

Inda ake tuntuɓe

Haɗari na farko shi ne ƙungiya ta zama rumfar jira. An rusa jam'iyyu, amma burin masu su bai rushe ba. Mutumin da ke son sunansa ya ci gaba da yawo a ƙauyuka zai so a gan shi ranar rabon iri ko buɗe famfo. Idan jama'a suka soma cewa "rijiyar wane" maimakon rijiyar ƙungiya, to an fara asara. Ranar da ya samu saɓani da hukuma, ƙungiyar ce za ta sha duka tare da shi, ita da matan da suka tara kuɗinsu dala-dala.

Na biyu shi ne cin tuwo biyu. A ɗauka ƙungiyar mata masu noman rani ta samu tallafin haƙa rijiyoyi huɗu, mai ba ta shawara kuma yana da ƙane ɗan kwangila. Ko bai buɗe baki ba, wace ce cikin matan za ta iya cewa a ba wani? Idan rijiya ta rufta bayan damina ɗaya, wa za a kai ƙara?

Na uku ya shafi banki. Dokokin yaƙi da halasta kuɗin haram na ƙasashen UEMOA sun tilasta wa bankuna sa ido na musamman a kan mutanen da ke riƙe ko suka taɓa riƙe manyan muƙaman siyasa, har da iyalansu na kusa. Idan aka sa tsohon ɗan majalisa cikin masu sa hannu a asusun ƙungiya, kada a yi mamaki in banki ya ƙara tambayoyi ko kuɗin tallafi suka yi jinkiri. Wannan kaɗai ya isa dalilin barin shi a kujerar shawara, nesa da takardar cire kuɗi.

Na huɗu, wanda ya fi ɓoyuwa, shi ne barci. Manyan sunaye kan sa kowa ya saki jiki. Faransa ta ga haka da ƙungiyar ARC mai tara kuɗi domin binciken cutar kansa. Manyan likitoci da masana ne ke zaune a majalisarta, jama'a na ta ba da sadaka. A 1996 kotun binciken kuɗin ƙasa ta bayyana cewa abin da ke isa ga binciken bai kai kashi ɗaya cikin uku na kuɗin ba. Shugabanta, Jacques Crozemarie, ya ƙare da hukuncin ɗaurin shekara huɗu a 2000. Manyan da ke kewaye da shi sun ba da sunansu, amma ba su buɗe littafin lissafi ba.

Kafin a aika goro

Ƙungiyar da ta yanke shawarar kafa irin wannan kwamiti tana iya kare kanta da abubuwa kaɗan, muddin an rubuta su cikin dokokinta kuma babban taro ya amince.

A fayyace cewa shawara kawai kwamitin ke bayarwa, ba ya jefa ƙuri'a a biro, ba ya sa hannu a banki. A sa wa'adi, shekara biyu ko uku, domin sauke babba ya fi naɗa shi wuya. A rubuta cewa duk wanda ya karɓi muƙamin gwamnati ko ya tsaya takara zai ajiye kujerarsa. A tilasta wa kowane mamba ya faɗi idan shi ko danginsa suna da hannu a wata kwangila, ya kuma fita daga zaman da ake maganarta. A daidaita batun kuɗin zama tun farko: kuɗin mota da abinci daban, albashi a ɓoye daban.

Sannan a duba wa ake gayyata. Ba dole sai ɗan siyasa ba. Tsohon daraktan lakwal, unguwarzoma da ta yi shekara talatin a likita, tsohon ma'aikacin gidan dabbobi na Tukunus, malamin da gari ke girmamawa, ko ƴar kasuwar da ta san farashin wake a Baleyara, kowannensu na da sanin da ƙungiya ke buƙata. Kwamitin da ya haɗa mace da namiji, manomi da makiyayi, mai jin Hausa da mai jin Zabarmanci, ya fi wuyar karkatarwa fiye da wanda ya dogara da mutum guda.

Shi ma wanda aka gayyata yana da tambayoyin da ya kamata ya yi kafin ya amsa: ina takardar izinin ƙungiyar, yaushe aka yi babban taro na ƙarshe, an miƙa wa hukuma rahoton bara, wa ya duba lissafin? Idan ba a ba shi amsa ba, ya san sunansa kaɗai ake so a buga a saman takarda, kuma ranar da abin ya ɓaci da sunan za a fara kira. Mambobi su ma suna da haƙƙin su tashi a babban taro su tambayi sau nawa kwamitin ya zauna cikin shekara, wace shawara ya bayar, kuma nawa aka kashe a kansa.