Koyar da Kafa Hujja a Makarantun Sakandare

Hausa tana da kalmomi da dama na saɓanin baki, kuma kowacce da inda ta dosa. Akwai musu, akwai gardama, akwai jayayya da cacar baki, sa'an nan akwai muhawara. Mai musu ƙin yarda kawai yake yi. An ce fari, ya ce baƙi, ya tsaya nan. Mai gardama ya ɗara shi, domin yakan kawo magana, amma ba don a gano gaskiya ba, sai don kada a ce an kayar da shi. Ita kuwa muhawara, wadda aka aro daga Larabci, asalin ma'anarta shi ne mayar wa juna magana, wato mutum ya saurari abin da aka ce, ya auna shi, sa'an nan ya mayar da amsa a kan abin da aka faɗa ɗin, ba a kan wani abu dabam ba. Wannan bambanci shi ne abu na farko da ya kamata malamin sakandare ya riƙe, domin yawancin abin da ake yi a makarantu da sunan muhawara, in an duba shi da kyau, gardama ce aka sanya wa riga da hula.

Duk wanda ya taɓa zama a zauren taro na wata makaranta ranar gasar muhawara ya san yadda abin yake gudana. Akan ba da batu irin su malami ya fi likita amfani, ko zaman ƙauye ya fi zaman birni. Ɗalibi ya miƙe, ya gai da shugaban zama da alƙalai da mai kula da lokaci da 'yan kallo, gaisuwar da kan ci kusan sulusin lokacinsa. Daga nan sai ya zubo jawabin da, galibi, malaminsa ne ya rubuta masa ya haddace. Abokin karawarsa ya tashi ya zubo tasa haddar, ba tare da ya taɓa ko ɗaya daga cikin maganganun na farko ba, domin tun mako guda kafin ya ji su aka gama shirya masa amsa. A ƙarshe alƙalai su ba da maki a kan ƙarfin murya da tsayuwa da iya furta Turanci. Babu laifi yaro ya koyi tsayuwa gaban jama'a ba tare da ƙafarsa ta yi rawa ba, wannan ma riba ce. Amma bai koyi kafa hujja ba, kuma mafi muni, ya tafi da zaton cewa ya koya.

Wani zai ce ai wannan fanni baƙo ne, na Turawa, shi ya sa ya ƙi zama. Tarihi bai goyi bayan wannan magana ba. Gaskiya ne Aristo, masanin Girka na ƙarni na 4 kafin haihuwar Annabi Isa, ya tsara hanyoyi uku da mai magana ke bi ya shawo kan masu sauraro: ta mutuncinsa shi kansa, ta motsa zukatansu, da kuma ta ƙarfin dalilin da ya kawo. Amma iliminsa na manɗiƙi ya iso ƙasar Hausa ta hanyar Larabci tun kafin Bature ya taka ta. Shehu Magili, wanda ya zauna a Kano a zamanin Sarki Muhammadu Rumfa a ƙarshen ƙarni na 15, ya yi musayar baitoci da Imam Suyuɗi na Masar a kan halaccin karanta manɗiƙi. Suyuɗi ya hana, Magili ya kare, yana mai kafa hujja da cewa ba a ƙin gaskiya saboda wanda ya zo da ita. Haka kuma Sullam na Abdurrahman Ahalari, malamin Aljeriya na ƙarni na 16, ɗan littafi ne na manɗiƙi da aka daɗe ana karantawa a zauruka.

Misalin da ya fi dacewa a kai aji shi ne wasiƙun da suka gudana tsakanin Shehu Muhammadu Al'amin Elkanemi na Barno da shugabannin jihadin Sakkwato, bayan an ci Birnin Gazargamu a 1808. Elkanemi bai tsaya zagi ba. Ya ɗauki tuhumar da ake yi wa mutanen Barno ɗaya bayan ɗaya, irin su yanka a wasu wurare, da fitar mata ba lulluɓi, da cin hanci, da cin dukiyar marayu, ya ce ko da an yarda ana yin waɗannan abubuwa, saɓo ne ba kafirci ba, kuma ana samun irinsu a manyan ƙasashen Musulmi kamar Masar da Sham ba tare da an halatta yaƙar su ba. A lura da dabarar: bai musanta aukuwar abin ba, sai ya kai hari kan igiyar da ta ɗaure abin da ya auku da hukuncin da aka yanke a kansa. Muhammadu Bello ya gane inda aka soke shi, don haka ya ƙarfafa wata hujjar dabam, cewa sarakunan Barno sun taimaki sarakunan Hausa wajen yaƙar jama'ar Shehu, kuma wannan taimako shi ne babban dalili. Ba aikin malamin aji ba ne ya yanke wa ɗalibai wanda ya yi nasara. Masana tarihi kansu ba su haɗu a kan haka ba. Abin koyi shi ne Bello ya kwafe maganar abokin jayayyarsa ya sa ta cikin littafinsa Infaƙul Maisuri, wanda ya kammala a 1812, har ta kai ga mai karatu na yau yana iya auna ɓangarorin biyu da kansa.

Kotun alƙali ma makaranta ce ta wannan fanni. Ƙa'ida sananniya ce cewa kawo shaida yana kan mai da'awa, rantsuwa kuma tana kan wanda ya musanta, kuma kafin a yanke hukunci sai an ba wanda shari'a za ta faɗa wa dama ta ƙarshe ya soki shaidu ko ya kawo wani abin da ya rage masa. Yaron da ya fahimci wannan ƙa'ida guda ɗaya ya riga ya tsira daga wani babban tarko, wato a faɗi magana ba dalili sa'an nan a ce wa mai shakka ya kawo hujjar cewa ƙarya ce.

To, ta yaya za a sauko da wannan gado zuwa ga yaro ɗan shekara goma sha biyu? A nan aikin Stephen Toulmin, masanin falsafa ɗan Ingila, yana da amfani. A littafin da ya fitar a 1958 ya kwance magana mai hujja gunduwa-gunduwa, yana koyi da yadda ake yi a kotu. Gunduwa uku ne ginshiƙai. Akwai da'awa, wato abin da mutum yake so a yarda da shi. Akwai shaida, wato abin da ya dogara a kai. Sa'an nan akwai mahaɗi, wato ƙa'idar da ta sa wannan shaida ta isa ta ɗauki wannan da'awa. Ya ƙara da wasu uku: abin da ke tallafar mahaɗin in an tuhume shi, da kalmomin ƙayyade ƙarfin magana kamar "galibi" da "mai yiwuwa", da kuma yanayin da in ya tabbata da'awar za ta rushe.

Alal misali, a ce wata ɗaliba ta tashi ta ce cin kasuwar garinsu ne ke hana yara zuwa makaranta. Wannan da'awa ce. Malami ya tambaye ta inda ta samo. In ta ce ai kowa ya sani, ba ta kawo komai ba tukuna. In ta ce iyaye suna tura yara talla domin suna buƙatar kuɗi, nan ma bayani ta yi na yadda abin zai iya faruwa, ba shaidar cewa ya faru ba. Sai in ta ɗauko rajistar aji ta nuna cewa a zango guda fashin ranar kasuwa ya fi na sauran ranaku, a nan ne ta kawo shaida. Duk da haka da saura. Idan kasuwar ranar Juma'a take ci, wani ɗalibi yana iya cewa wataƙila Juma'ar ce dalili ba kasuwar ba, kuma hanyar rabewa ita ce a dubi rajistar wata makaranta a garin da kasuwarsa ke ci ranar Talata. Darasi guda ke nan, ba a sayi littafi ba, ba a nemi wutar lantarki ba, amma yara sun taɓa da'awa da shaida da mahaɗi da hannunsu.

Wannan rikita bayani da shaida ba ciwon yara kaɗai ba ne. Deanna Kuhn ta Jami'ar Kolombiya a Amurka ta yi hira da mutum 160, matasa da manya, ta wallafa sakamakon a 1991. Ta tambaye su abin da ke sa fursuna ya koma aikata laifi bayan an sake shi, da abin da ke sa yara faɗuwa a makaranta, da abin da ke kawo rashin aikin yi. Kowa yana da ra'ayi, kuma da yawa suna da tabbaci a kan ra'ayinsu, amma da aka nemi shaida, mafi yawa sai su sake ba da labarin ra'ayin nasu da wasu kalmomi. Da yawa kuma sun kasa faɗin abin da mai saɓa musu zai iya cewa. Daga baya, a wani aiki da aka buga a 2011, ita da abokiyar aikinta sun bi wasu yara 'yan ƙaramar sakandare har shekara uku, suna sa su muhawara bibbiyu da takwarorinsu masu saɓanin ra'ayi, kuma rubutun waɗannan yara ya fi na waɗanda aka koyar ta hanyar da aka saba kula da hujjar ɓangare na biyu. Abin da za a tsinta a nan shi ne hujja tana fara tsirowa a baki, tsakanin mutum biyu, kafin ta koma kan takarda. Malamin da ya fara da ba da insha'in muhawara domin shirin jarrabawar WAEC ko NECO, tun yara ba su taɓa fuskantar mai ja da su ba, ya fara gini daga rufi.

Akwai cikas guda biyu da suka keɓanci wannan ƙasa tamu ta Hausa. Na farko shi ne harshe. Yaron da ake tilasta wa yin muhawara da Turancin da bai gama kamawa ba, duk hankalinsa yana kan kada ya yi kuskuren nahawu a yi masa dariya, babu sauran ƙarfin da zai auna magana. Mafita ita ce a fara da Hausa, inda yaro yake da "amma" da "sai dai" da "in har" da "ko da yake" a bakinsa tun yana ƙarami. In tunanin ya zauna, ɗaukarsa zuwa Turanci ko Larabci ko Faransanci aikin ƙamus ne kawai.

Na biyu ya fi wuya, domin ya taɓa tarbiyya. An horar da yaro cewa ba a musu da babba, kuma kunya ado ce. Wannan horo yana da kyau a muhallinsa, ba kuwa wanda ke neman a rushe shi. Amma akwai tazara tsakanin raina mutum da tambayar dalilin maganarsa, kuma ɗalibin zaure da ke cewa, "Allah ya gafarta Malam, a wane littafi wannan yake?" bai yi rashin ladabi ba. Malamin aji ne zai buɗe wannan ƙofa, ta hanyar yarda a tambaye shi hujja, da kuma iya cewa ya yi kuskure in ya yi. Wanda ya ɗauki bulala saboda yaro ya tambaye shi dalili, to ya rufe darasin muhawara na wannan shekara gaba ɗaya. Dangane da wannan ne kuma ya kamata a yi hattara da karin magana. Bahaushe yakan rufe gardama da ita, kuma jama'a su ce ya gama magana. Alhali karin magana mahaɗi ce kawai, ba shaida ba, kuma kusan kowacce tana da kishiya. Wanda ya ce zafin nema ba ya kawo samu, ana iya amsa masa da cewa Allah ya ce tashi in taimake ka. Aiki ne mai daɗi a sa 'yan aji su tattaro irin waɗannan kishiyoyi, su faɗi yanayin da kowacce ta dace da shi.

Kada ma'aikacin gwamnati ya ɗauka wannan zance na malaman makaranta ne kaɗai. Bayanin da yake rubutawa a fayil domin mai gidansa ya amince da kashe kuɗi ko gina asibiti a wannan gari maimakon wancan, da'awa ce da ke buƙatar shaida da mahaɗi, kuma fayil da yawa sun mutu a kan tebur ne saboda marubucinsu bai hango tambayar da za a yi masa ba. Mutanen da suka fara ɗaga murya a siyasar Arewa a irin wannan fage suka gogu. A ƙungiyar tattaunawa ta Bauci, a shekarun 1940, Sa'adu Zungur da Aminu Kano da Abubakar Tafawa Ɓalewa sun yi ta muhawara a kan mulkin En'e a gaban jami'an Turawa, kuma a 1950 Ɓalewa ya kai batun gyaran wannan mulki gaban Majalisar Arewa a Kaduna.

Yaron yau kuwa buƙatarsa ta fi tasu gaggawa, domin da'awowi suna shigo masa ta waya dare da rana. A watan Agusta na 2014, bayan cutar Ebola ta shigo Nijeriya, saƙo ya zagaya cewa wanka da ruwan gishiri da shan sa suna kare mutum. Jama'a da yawa, har da masu takardun ilimi, sun tashi cikin dare sun aikata, wasu suka kwanta asibiti, wasu suka rasa rayukansu. Saƙon yana da da'awa, yana da tsoratarwa, yana jingina da sunayen manya, amma ba shi da shaida ko guda. Malami yana iya kawo irin wannan saƙo aji, wanda ke yawo a WhatsApp a wannan makon, ya rubuta shi a allo, ya raba yara gida biyu, ɗaya ya nemo abin da ke tabbatar da shi, ɗaya ya nemo abin da ke rushe shi. Sharaɗi guda ne zai gindaya: ba wanda zai mayar da amsa sai ya fara maimaita maganar abokin karawarsa da bakinsa, har abokin ya yarda cewa haka ya nufa. Bayan rabin sa'a kuma sai a musanya ɓangarori, kowa ya kare abin da ya gama suka.