Baiwa da Naci: Abubuwan Al'ajabi na Gwanayen Fiyano

Ranar Laraba 11 ga Afrilu, 1770, wani yaro ɗan shekara 14 ya iso birnin Rum tare da mahaifinsa. Ko ƙurar hanya ba su gama karkaɗewa ba suka nufi majami'ar Sistina da ke fadar Fafaroma, domin a wannan makon ne kawai, gab da bikin Ista, ake rera wata waƙar ibada mai suna Miserere, wadda Gregorio Allegri ya tsara tun shekarun 1630. Waƙar mai muryoyi tara ce, rukuni ɗaya biyar, ɗaya huɗu, kowace murya da hanyarta, suna shiga juna kamar zare a masaƙa. Fadar ta hana mawaƙanta fitar da takardun waƙar waje. Yaron ya saurara, ya koma masauki, ya ɗauki alƙalami ya rubuta ta da ka. Ranar Juma'a ya koma ya sake ji, ya gyara 'yan kurakurai. Sunansa Wolfgang Amadeus Mozart.

Labarin ya zo ne ta wasiƙar da mahaifinsa, Leopold, ya aika wa uwar yaron a Salzburg bayan kwana uku. Masana sun lura cewa waƙar tana da maimaici da yawa, abin da ya rage nauyin haddar, amma duk da haka riƙe muryoyi tara a kai daga ji ɗaya ba ƙaramin aiki ba ne. A watan Yuli na shekarar Fafaroma Clement na 14 ya ba yaron lambar girmamawa.

Kafin a gane nauyin irin wannan bajinta, sai an san cewa kiɗan gargajiyar Turai a rubuce yake. Ana zana layuka biyar, a jera musu ɗigo-ɗigo. Wurin da ɗigo ya zauna shi ke nuna kaifin sauti ko kaurinsa, siffarsa kuma ta nuna tsawon lokacin da za a riƙe shi. Mai tsara kiɗa yakan rubuta wa kowane makaɗi nasa rabon, ko da sun kai tamanin. Ita kuwa fiyano, wadda Bartolomeo Cristofori ya ƙera a Florence ta Italiya wajen 1700, a yau madannai 88 gare ta, 52 farare, 36 baƙaƙe. Kowane madanni aka taɓa, sai wata 'yar guduma ta daki tsirkiya a cikin akwatin, inda tsirkiyoyi fiye da 200 ke ɗaure tamau. Hannun dama na bin nasa layin, na hagu na bin nasa, ƙafa na kan mataki. Ke nan abubuwa huɗu makaɗi ya dogara da su: takarda, ido, kunne da hannu. Mutanen da wannan rubutu zai kawo, kusan kowanensu ya yi aikinsa ne ba tare da ɗaya daga cikin huɗun ba.

Jarrabawa a Landan

An haifi Mozart a 1756, ya fara tsara 'yan gajerun kaɗe-kaɗe yana ɗan shekara biyar. A 1765, lokacin da iyalin ke zaune a Landan, wani lauya mai son bincike, Daines Barrington, ya yi zargin ko ana rage wa yaron shekaru ne don a ja 'yan kallo. Sai ya je da kansa, ya ajiye masa rubutun kiɗan da bai taɓa gani ba. Yaron ya kaɗa shi nan take, yana rera murya ɗaya, mahaifinsa na rera ɗayar. Barrington ya rubuta wa ƙungiyar masana ta Royal Society cewa ana tsakiyar jarrabawar wata kyanwa ta shigo, yaron ya sauka daga kujera ya bi ta, da ƙyar aka dawo da shi. Daga baya ya nemo shaidar haihuwarsa daga Salzburg, ya tabbatar lalle yaro ne ƙarami.

Sai dai wannan baiwa ta faɗo ne a gidan da aka san yadda ake renonta. Leopold malamin gogen Turawa ne, littafinsa na koyar da goge ya fito a shekarar da aka haifi ɗan nasa. Shi ya zaunar da Wolfgang da yayarsa Maria Anna yana koya musu kullum, ya kuma zagaya Turai da su daga 1763 zuwa 1766. Kafin yaron ya shiga majami'ar Sistina ya shekara kusan goma yana wannan aiki. Wolfgang ya rasu a 1791 yana da shekara 35, ya bar ayyuka fiye da 600.

Nan take

Wanda ya san yadda Mamman Shata ke ƙaga waƙa a tsakiyar taro zai gane abin da ya faru a Potsdam a watan Mayu na 1747. Johann Sebastian Bach, dattijo mai shekara 62, ya zo daga Leipzig ziyarar ɗansa da ke aiki a fadar Sarki Frederick na Furusiya. Sarkin, wanda shi ma mabushin sarewa ne, ya kaɗa masa wani kari mai murɗiya, ya ce ya gina fuga a kansa. Fuga wani salo ne da murya ɗaya ke fara kari, ta biyu ta shigo da shi alhali ta farko ba ta tsaya ba, ta uku ta biyo baya, kuma dole duk su dace. Bach ya zauna ya ƙaga mai murya uku ba tare da ya rubuta komai ba. Da sarki ya nemi mai murya shida a kan karin nan, sai ya nemi a ba shi lokaci. Bayan wata biyu ya aiko da ita a rubuce.

Franz Liszt kuwa a ido tasa bajintar take. A 1870 wani matashi ɗan ƙasar Norwe, Edvard Grieg, ya kai masa sabon kwancetonsa a Rum, wato dogon kiɗan da fiyano ke yi tare da taron makaɗa. Rubutun hannu ne, Liszt bai taɓa ganinsa ba. Ya buɗe, ya haɗa rabon fiyano da na sauran makaɗan gaba ɗaya a yatsu goma, yana kaɗawa yana yi wa mutanen ɗakin magana. Grieg ya ba iyayensa labari a wasiƙa, ya ce aibi ɗaya da ya gani shi ne Liszt ya yi saurin farkon da yawa. Wannan Liszt ɗin ne, bayan ya ji Paganini na goge a 1832, ya rubuta wa abokinsa cewa sa'a huɗu zuwa biyar yake yi kullum a kan horar da yatsu kaɗai.

Kurman Biyenna

Ludwig van Beethoven, haifaffen Bonn a 1770, shi ne makaɗin fiyano da ake ji da shi a Biyenna lokacin da kunnensa ya fara shuwa, tun bai kai shekara 30 ba. Ya ɓoye abin, ya janye daga mutane. A Oktoba 1802, a ƙauyen Heiligenstadt, ya rubuta wa ƙannensa biyu wasiƙar da bai taɓa aikawa ba, sai bayan rasuwarsa aka same ta. A ciki ya faɗi yadda abokin tafiyarsa ke jin sarewa daga nesa shi kuwa bai ji komai ba, ya ce saura ƙiris ya kashe kansa, aikin da yake jin bai gama ba ne ya riƙe shi.

Ya gwada ƙahonnin ƙarfe na ƙara ji, ba su yi wani amfani ba. Wajen 1815 ya daina kaɗa fiyano a gaban jama'a. Daga 1818 baƙi sai dai su rubuta masa magana a ɗan littafi, shi ya amsa da baki, kuma fiye da 130 na waɗannan littattafai suna nan har yau. A cikin wannan hali ya tsara sonatocinsa na ƙarshe daga cikin 32 da ya yi wa fiyano, ya kuma tsara simfoni na tara, kiɗan da ya wuce sa'a guda, mai taron makaɗa da mawaƙa.

Ranar 7 ga Mayu, 1824 aka fara kaɗa shi. Beethoven ya tsaya a dandamali yana nuna saurin kiɗa, amma jagora Michael Umlauf makaɗan suke bi. Waɗanda suka halarta sun ce jama'a sun ɓarke da tafi shi bai sani ba, ya ba su baya, har sai da wata mawaƙiya, Caroline Unger, ta juyo da shi ya ga hannuwa da huluna a sama.

Abin da ya sa hakan ta yiwu shi ne, wanda ya ƙware a rubutun kiɗa yana jin sautin a ransa da ya dubi takarda, kamar yadda mai karatu ke jin kalma ba tare da ya furta ba. Beethoven ya shekara fiye da ashirin yana ji da kunne lafiyayye, sautin kowane kayan kiɗa ya zauna masa. Dubban shafukan gwajinsa da suka rage cike suke da kankara da sake rubutu, kari ɗaya yakan juya shi sau da yawa kafin ya yarda da shi.

Makafi biyu

An haifi Thomas Wiggins a jihar Jojiya ta Amurka a 1849, makaho, ɗan bayi. Yana jariri aka sayar da iyayensa ga James Bethune, shi kuma aka haɗa da shi kamar gyara. Yana jin 'yan matan gidan na koyon fiyano, sai wata rana aka tarar da shi yana maimaita abin da suka kaɗa, yana ɗan shekara huɗu. Yana da takwas aka fara yawo da shi gari-gari. A wajen wasa akan kira wani makaɗi daga cikin jama'a ya kaɗa abin da Tom bai taɓa ji ba, shi kuma ya zauna ya maimaita. Yakan kaɗa kari ɗaya da dama, wani da hagu, ya rera na uku da baki. A 1860 ya yi wasa a fadar shugaban Amurka a gaban James Buchanan. Dukiyar da ya tara ta shiga aljihun iyalin Bethune ne. Ko bayan an hana bauta, ta hanyar kotu suka ci gaba da riƙe shi a matsayin waliyyansa, har ya rasu a 1908.

Nobuyuki Tsujii na Japan, wanda aka haifa makaho a 1988, ya tashi cikin gata. Yana ɗan shekara biyu ya fara bin waƙar mahaifiyarsa a kan fiyanon wasan yara. Akwai rubutun kiɗa na makafi, amma shi ya fi amfani da kunne: mataimakansa kan ɗaukar masa sautin hannun dama daban, na hagu daban, gaɓa-gaɓa, tare da faɗin umarnin da ke kan takarda, shi kuma ya haddace ya haɗa. Tun da ba ya ganin sandar jagoran makaɗa, numfashinsa yake saurare ya san lokacin shiga. A 2009, yana da shekara 20, ya raba lambar zinariya ta gasar Van Cliburn a Tekzas da Haochen Zhang na Sin.

Hannu ɗaya

Paul Wittgenstein, ɗan wani hamshaƙin mai masana'antar ƙarfe a Biyenna, ya yi wasansa na farko a bainar jama'a a ƙarshen 1913. A Agusta 1914, farkon Yaƙin Duniya na Ɗaya, harsashi ya same shi a gwiwar hannun dama, aka yanke hannun, sojojin Rasha suka kama shi suka kai Saberiya. A can ya sami wani akwatin katako, ya zana madannai a kansa da gawayi, ya riƙa bugawa da yatsu biyar sa'o'i da yawa kullum, yana neman dabarar da hannu ɗaya zai yi aikin biyu. Babban yatsan hagu shi ya fi kusa da madannai masu kaifin sauti, don haka shi ke ɗaukar kari, sauran huɗun su yi rakiya, matakin ƙafa ya riƙe sauti yayin da hannu ke tsalle daga wannan gefe zuwa wancan.

Ya dawo gida a musayar fursunoni a 1915, ya koma dandamali a 1916. Daga nan ya sa dukiyar gidansu ya biya manyan masu tsara kiɗa su rubuta masa na hannun hagu: Richard Strauss, Korngold, Hindemith, Prokofiev, Britten da Maurice Ravel. Na Ravel, wanda ya fara kaɗawa a Biyenna a Janairu 1932, shi ya fi shahara, kuma mai sauraro da ido rufe da wuya ya gane hannu ɗaya ne ke aiki.

Wittgenstein mutum ne mai wuyar sha'ani. Ya yi rigima da Ravel saboda ya sauya masa wasu wurare, na Prokofiev kuwa bai taɓa kaɗa shi ba. Na Hindemith, wanda aka rubuta a 1923, ya ajiye shi bai kaɗa ba, bai kuma bar wani ya taɓa ba har ya rasu a 1961. Sai bayan rasuwar matarsa aka gano takardun a cikin kayansa. An fara kaɗa shi a Balin a Disamba 2004, shekara 81 bayan rubuta shi, kuma wanda ya zauna a gaban fiyano a ranar shi ne Leon Fleisher, Ba'amurken da yatsun hannunsa na dama suka ƙandare tun 1964, ya shekara kusan talatin yana wasa da hagu kaɗai.