Sukuk da Rumbu: Nazari a kan Ajiyar Dukiya a Kudancin Kano

Manomin ƙasar Kiru, da 'yan'uwansa na Bebeji da Tudun Wada da Doguwa, idan Allah ya hore masa rarar kuɗi bayan kaka, galibi yakan cika rumbu da masara, ko ya ɗaure bijimi a turke har babbar salla, ko ya sayi gona. Takardun lamuni na gwamnati kuwa, wato waɗanda mutum ke ranta wa hukuma kuɗi a kansu zuwa wani ajali sananne, tana biyansa wani kaso ƙayyadadde kowace shekara, in ajali ya cika ta mayar masa da uwar kuɗinsa, sun daɗe ba su da kasuwa a nahiyarmu, saboda abin da ake biya a kansu kuɗin ruwa ne, hukuncinsa kuwa a shari'a ba ɓoyayye ba ne.

Al'amarin ya soma sauyawa a watan Satumba na 2017, sa'ad da Ofishin Kula da Basussuka na Tarayya ya fitar da sukuk na farko, wato takardar lamuni marar kuɗin ruwa, na naira biliyan 100, bisa ajalin shekara bakwai. An gina shi a kan ƙa'idar ijara: masu zuba kuɗi su mallaki rabo a cikin hanyoyin da za a gina, gwamnati ta yi hayarsu, tana biyan kashi 16.47 cikin ɗari a shekara, rabi bayan kowane wata shida. Da naira dubu goma ma ana iya shiga. Dalilan da suka kawo wannan a fili suke, domin kuɗin mai ya faɗi tun daga 2014, baitulmali ya gaza ɗaukar nauyin ayyuka, ga kuma dukiyar Musulmi masu tsantseni tana kwance ba ta da mashiga. Majalisar malaman da ke ba Babban Bankin Nijeriya shawara ta amince da tsarin, ko da yake har yanzu akwai masu ganin shubuha a cikinsa, kuma tsantseninsu abin girmamawa ne. Jama'a dai sun karɓa, har aka riƙa maimaitawa kusan kowace shekara, aka zuba kuɗin a hanyoyi irin su Kano zuwa Maiduguri da Kano zuwa Katsina.

To, amma akwai wani aibi da ke tattare da duk wani abin da aka ƙayyade amfaninsa tun farko, wanda halaccinsa a shari'a ba ya kawar da shi, shi ne hauhawar farashi. A ƙaddara wani mai sayen hatsi a Kwanar Dangora ya zuba naira dubu ɗari a 2017. Kowane wata shida zai karɓi naira 8,235, jimlar shekara bakwai ta kama naira 115,290, sa'an nan a watan Satumba na 2024 aka mayar masa da dubu ɗarinsa cif, ba a tauye masa ko kwabo ba. Sai dai ranar da ya ba da kuɗin, dala ɗaya tana wajen naira 360 a kasuwa, ranar da ya karɓa kuwa ta kai wajen 1,600, bayan an janye tallafin mai an kuma saki naira a 2023, har hauhawar farashi ta kai kashi 34.8 cikin ɗari a watan Disamba na 2024. Gwamnati ta cika alkawarinta na lissafi, amma buhunan takin da kuɗin nan za su saya a ƙarshe ba su kai rabin na farko ba. Wanda ya shiga na 2021 a kan kashi 13 cikin ɗari na shekara goma, shi ma idan larura ta sa ya sayar kafin ajali, dole ya karyar, domin ba mai sayen tsohuwar takarda a cikakken farashinta alhali sabuwa ta 2025 tana biyan kashi 19.75.

Kada mai karatu ya zaci rumbu ya tsira daga nasa hatsarin. Waɗanda suka tara masara da tsada a ƙarshen 2024, suna jiran bazara, sun ga yadda farashi ya faɗo a 2025 bayan gwamnati ta sassauta harajin shigo da abinci, ban da ɓarnar ƙwari da gobara da ɓarayi. Bijimi yana ciwo, yana mutuwa, ana kuma sace shi, kamar yadda mutanen gefen dajin Falgore suka sani sarai.

A ganina, sukuk ya dace da dukiyar da mai ita ba ya iya juya ta da kansa, kamar gadon marayu da ke hannun waliyyi, ko kuɗin sallamar malamin makaranta da ya yi ritaya, ko rabon gwauruwa wadda ba ta zuwa kasuwa, domin waɗannan sun fi bukatar abin da zai shigo a kan lokaci ba tare da fargaba ba. Amma manomi mai ƙarfi a jika, wanda ya san ƙasa ya san kasuwa, kada ya zuba fiye da wani yanki na rararsa, kuma kafin ya sa hannu ya tambayi ajalin takardar, ya auna kason da za a biya shi da yadda farashin taki da na masara ke tafiya.