Ibro Usama: abin da ake faɗa da abin da ya faru

Duk lokacin sallah sai tsofaffin finafinan Ibro su dawo. Matasa na tura wa juna guntayensu a waya, a majalisa ko wurin mai shayi, kuma da an sa Ibro Usama sai gardama ta tashi. A Birnin Gwari gardamar ta fi ta ko'ina zafi, domin mutanen da suka ga abin da 'yan Ansaru da 'yan bindiga suka yi a dajin nan ba su ɗaukar sunan Usama da wasa.

Wasu na cewa fim ɗin farfagandar 'yan ta'adda ne. Wannan ba gaskiya ba ne. A 2002 ya fito, ana tsakiyar surutun harin 11 ga Satumba da yaƙin Afganistan, ita kuwa Ansaru sai a Janairun 2012 ta bayyana kanta, shekara goma bayan haka. Wanda ya kalla ya san babu huɗuba a ciki. Ibro ne da gemu da rawani yana zare ido, 'yan wasan barkwanci sun zama su Bush, ana ta shirme. Shekara ta gaba aka yi Ibro Saddam da irin wannan salon. Ɗabi'ar mutumin ke nan: duk sunan da duniya ke kira sai ya ara ya yafa, har mawaƙin Kwango Awilo bai tsira ba. A ce dariya a kan yaƙin da aka rasa rayuka ba ta dace ba, wannan magana ce mai ƙarfi, kuma ni ma ba duk wurin da aka so in yi dariya na yi ba. Amma rashin dacewa daban, wa'azin ta'addanci daban.

Maganar cewa an ɗaure Ibro gaskiya ce, sai dai an haɗa ta da fim ɗin da ba shi ba. A 2008 ne kotun tafi-da-gidanka da ke aiki da Hukumar Tace Finafinai ta Jihar Kano, lokacin Abubakar Rabo Abdulkarim, ta yanke masa wata biyu. Zargin ya shafi rawar da aka ce ta saɓa tarbiyya a Ibro Aloko, da kuma rashin rajista. A gari an yi ta raɗe-raɗin cewa ainihin laifinsa wata waƙa ce da ta zolayi yadi mai ratsi-ratsi irin wanda Gwamna Ibrahim Shekarau ke sawa. Mai yiwuwa, amma ba da wannan aka gurfanar da shi ba, kuma fim ɗin Ibro Usama ko kusa bai shigo shari'ar ba.

Abin dariyar, wanda ko shi da kansa da wuya ya tsara irinsa, shi ne mutumin da aka kai kurkuku tsohon gandiroba ne. Masu cewa ɗan sanda ne rigar fim ce ta ruɗe su. Aikin gidan yari ya yi kafin ya ajiye ya rungumi wasa, sunansa na yanka kuma Rabilu Musa, daga Ɗanlasan ta jihar Kano.

Mutuwarsa fa? Tun yana raye an sha kashe shi da baki, ya sake fitowa a sabon fim. Ba a haɗarin mota ya rasu ba, ɗan wasa Ahmad S. Nuhu ne ya rasu ta wannan hanya, ranar 1 ga Janairun 2007. Ba kuma a tsare ba. Ciwon ƙoda ya yi fama da shi, ya cika a Kano cikin Disambar 2014, yana da shekara arba'in da 'yan kai.

Wanda ke ganin fim ɗin Ibro Usama bai dace da yaransa ba, ya kashe, hakkinsa ne. Amma don Allah a bar jingina wa mamaci abin da bai yi ba. Allah Ya jiƙan Rabilu.